Rawar Sitiyari a Hanyoyin Karkara: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Sayi Shakazobar Sitiyari



Da aka sanar da kan maganar da za mu yi yau, mun ji wasu suna cewa wannan ai zancen gareji ne, ina ruwan ɗan jami'a da shi? To, ruwansa ya yi tsaki. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da shekara ɗaya ko biyu za su tsinci kansu a ma'aikatar gona, ko ta lafiya, ko a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Ranar da aka tura mutum rigakafi ko rabon taki a ƙauyukan Kunchi ko Makoɗa, a cikin irin motar da za mu yi magana a kanta zai zauna. Wata rana kuma fayil ɗin gyaranta zai zo kan teburinsa, direba yana tsaye, bakanike yana jira a waje, shi kuwa ana son ya sa hannu a kan abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Saboda wannan rana muka zo.

Bari mu fara da ƙasar kanta, domin hanya ita ke yanke wa mota hukunci. Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman daga Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir har zuwa Bichi da Ɗambatta, tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki, kuma tun 1965 shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a kansa. Abin da ya bayyana kowane ɗan ƙauye ya san shi: gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta, kowace shekara sai an noma, kuma taki ne ke riƙe da ƙasar. Jakuna su ke kai itace da amfanin gona birni, su komo da taki a cikin mangala. Ma'anar wannan ga mai mota ita ce, hanyoyin da ke tsakanin ƙauyukan nan ba domin mota aka yi su ba. Turbar jaki ce da burtalin shanu, an killace su da shinge hagu da dama, ga gawo nan ko kuka a daidai inda hanya ta karya kwana. A daji, idan sitiyari ya ƙwace, mota takan sami filin da za ta yi tangaɗi ta tsaya. A nan babu wannan fili. Taku biyu daga sawun taya akwai geron wani, ko katangar wani, ko yaran da ke kora awaki.

An yi ƙoƙarin gyara. Hukumar KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, ta shimfiɗa hanyoyin burji a ƙauyuka da dama, haka kuma hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986. Amma hanyar burji tana da nata ciwon. Da rani, yawan bin motoci yakan mayar da fuskarta gargada, tudu da kwari a jere kamar kunyoyin gona. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa yakan zaizaye gefen kwalbati ya bar bakin siminti tsirara. Inda babu burji kuwa, ko dai yashin jigawa mai haɗiye taya, ko taɓon fadama. Daga nan sai mota ta hau kwaltar Kano zuwa Katsina ko ta Kano zuwa Daura, direba ya taka ta da gudu don ya cimma kasuwar Dawanau kafin rana ta yi. Mota ɗaya, rana ɗaya, hanya iri huɗu.

Wannan shi ya sa masu motocin karkara suke ɗaga su. Wani ya ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya, wani ya sa maƙeri ya ƙara wa ganyen lanƙwasa, wani ya tsawaita ƙarfen da sifirin ke rataye a jiki, wani ya sa manyan tayoyi don cikin motar ya daina gugar ƙasa. Ba mu zo don mu zarge su ba. Wanda ya taɓa kwana a fadama yana haƙa ƙarƙashin mota da fartanya ba ya bukatar a gaya masa amfanin tsayi. Sai dai duk abin da aka ƙara wa mota a tsayi, akwai abin da aka rage mata a wani wuri, kuma sitiyari shi ke fara biyan bashin.

To, mece ce shakazobar sitiyari? Kowa ya san shakazobar da ke tsaye kusa da kowace taya, mai hana mota tsalle-tsalle. Wannan 'yar'uwarta ce, amma ita a kwance take. Bututu ne cike da mai, da fistin a ciki mai 'yan ƙananan ƙofofi. Ana ɗaure kai ɗaya a jikin shasi ko a jikin aksul, ɗaya kan kuma a jikin sandar da ke juya tayoyin gaba. Idan direba ya murɗa sitiyari a hankali, man yana bi ta ƙofofin nan ba tare da gardama ba. Idan kuwa taya ta daki dutse ko bakin kwalbati, ta nemi fizge sandar farat ɗaya, sai man ya kasa wucewa da sauri, ya tare fizgar kafin ta iso hannun direba. Aikinta ke nan, ba ta da wani. Ba sabon abu ba ce: tsofaffin ma'aikata da suka hau Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, da ita suka yi ta yawo a ƙarƙashinsu ko da ba su sani ba.

Ba kowace mota ke bukatarta ba, kuma nan ne ake fara cutar mai sa hannu a fayil. Motocin da ta fi yi wa amfani su ne masu aksul guda a gaba, wato ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe da ya haɗa tayar hagu da ta dama, kamar Land Rover ta da, wadda aka fara ƙerawa a 1948 aka daina Defender ɗinta ta asali a 2016, da Toyota Land Cruiser jerin 70 da aka fara a 1984, da kuma tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu. A irin waɗannan, abin da ya sami taya ɗaya nan take ɗayar za ta ji. Amma akori-kurar Peugeot, 404 ko 504, irin waɗanda kamfanin Kaduna ya cika ƙasar nan da su bayan buɗe shi a 1975, kowace tayar gabanta zaman kanta take yi, kuma tsarin sitiyarinta daban ne. Haka ma Hilux da aka yi daga 2005 zuwa yau. Idan aka kawo maka takardar neman kuɗin shakazobar sitiyari ta irin waɗannan motoci, abin da ya dace ka fara yi shi ne ka sa a nuna maka inda tsohuwar take ɗaure.

Yanzu sai mu zo kan ainihin cutar. Direbobi sun san ta: mota tana tafiya lafiya a kan kwalta, sai taya ɗaya ta faɗa ɗan rami, nan take sitiyari ya kama karkarwa hagu da dama da ƙarfin da mutum ba zai iya riƙe shi ba, gaban motar duka yana kaɗawa, kuma ba za ta daina ba sai an rage gudu sosai ko an tsaya cik. Direbobin Amurka suna kiranta da sunan da ma'anarsa ita ce rawar ajali. Idan aka kai irin wannan mota gareji, sau da yawa maganin da ake fara kawowa shi ne sabuwar shakazobar sitiyari, ko a sa mai ƙarfi fiye da ta da, ko ma a jera biyu. Rawar kuwa sai ta lafa. Kowa ya yi murna, a biya kuɗi.

Mun taɓa ganin ƙarshen irin wannan murna. Wata motar aiki da muka yi zirga-zirga a cikinta a ƙauyukan arewa da Bichi ta kama wannan rawa, aka sa mata shakazoba biyu, ta yi shiru har kusan wata biyu. Ran nan muna cikin wani burtali, a giya ta biyu, sai kan sandar tayarod ya fice daga mazauninsa. Tayar dama ta kama gabanta, motar ta keta shinge ta shiga gonar dawa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, sai dai diyyar dawa da muka biya da kunyar da muka sha a gaban mai gona. Da a kan kwalta abin ya faru, da ba mu ne a gabanku yau ba. Rawar nan da motar ta yi tun farko, faɗa mana take yi cewa wani abu ya saki. Mu kuwa muka sayi abin da zai rufe mata baki.

Don haka kafin a yi zancen wace iri za a saya, sai a bincika abin da ke haddasa rawar. Binciken ba ya bukatar na'ura. A ajiye mota a kan ƙasa mai tauri, tayoyi a ƙasa, mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama, wani ya kwanta a ƙarƙashi ya ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Duk gaɓar da ta motsa kafin ta motsa abin da ke gaba da ita, ta ci. A duba kawunan tayarod, a duba akwatin sitiyari ko notinansa sun saki daga jikin shasi. A motocin da gabansu ke kan sifirin mai murɗi akwai wata sanda da ta gicciya daga shasi zuwa aksul, ita ke hana aksul zamewa gefe. Idan robobin bushin ɗinta suka mutu, ko ramin ƙusarta ya buɗe, ita ce kan gaba wajen jawo wannan rawa. Bayan haka a sa jak a ɗaga tayar, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi ƙwas-ƙwas, ko boris ɗin wili ne, ko na ƙusar da taya ke juyawa a kanta. A Land Rover ta da, wannan mazauni yana da ɗan taurin da aka ƙayyade masa, wanda ake daidaitawa da siraran faranti. Idan ya sake, babu shakazobar da za ta maye gurbinsa.

Sai taya. Mun sha ganin an kashe kuɗi mai yawa a kan mota alhali laifin taɓo ne da ya bushe a cikin rim, ya sa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Rim ɗin da ya lanƙwashe, tayar gwanjo da ta kumbura a gefe, tayar hagu da ta dama masu bambancin girma ko na iska, duk suna iya tayar da rawar. Akwai kuma ɗabi'ar rage iska don a ƙetare yashi, wadda dabara ce mai kyau, amma sai a manta a tsaya wurin mai faci a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Akwai abu guda da ya fi waɗannan duka wuyar ganewa, kuma shi ne ya shafi ɗaga mota kai tsaye, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Ku dubi keke. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a tsaye yake cak ba, samansa ya ɗan kishingiɗa baya wajen mahayi. Wannan kishingiɗa ita ce ke sa yaro ya saki hannu keke ya ci gaba da tafiya sak, domin tayar tana neman komawa tsakiya da kanta. Mota ma haka take. Kanikawa suna kiran wannan kishingiɗa kasta. Ba ta da yawa: a Land Rover Defender digiri 3 ce kacal. To, aksul ɗin gaba yana riƙe ne da wasu hannuwa biyu da ke da mazauni a jikin shasi. Idan aka ɗaga jikin motar sama, hannuwan nan sai su sunkuya, su murɗa aksul ɗin gaba, kishingiɗar ta ragu. Ɗagawar santimita 5 kawai tana iya cinye mafi yawan waɗannan digiri 3. Alamar ita ce, bayan an karya kwana sitiyari ba ya komowa da kansa, kuma a miƙaƙƙiyar hanya motar tana yawo, direba yana ta kamo ta kamar mai kora tunkiya. Maganin wannan shi ne a mayar da kishingiɗar, da bushin ko hannuwan da aka yi domin haka, ko kuma a motar da ke kan ganyen sifirin a sa ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari tsakanin sifirin da aksul. Shakazoba ba ta mayar da digiri ko ɗaya.

Ga kuma lodi, wanda a kansa ba mu da bakin magana da yawa, tun da duk mun san halin da ake ciki. Akori-kura irin Hilux an yi ta ne don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 na hatsi mai kilo 100. Wanda ya tsaya a bakin hanyar Dawanau da kaka zai ƙirga buhu 20 a kan wata, da mutane a sama. Nauyin da ya zarce tayar baya yana ɗaga gaban mota kamar yadda ake ɗaga dutse da sanda, tayoyin gaba su rage riƙon ƙasa. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, direba ya ce a sa masa shakazoba mai tauri don ya ji nauyi. Nauyin da zai ji na mai ne a cikin bututu, tayar kuwa tana nan ba ta kama ƙasa ba.

Idan an gyara waɗannan duka, motar ta tafi sak ba tare da shakazobar sitiyari ba, a nan ne ya halatta a sayo ta, kuma a hanyoyinmu tana da amfani ƙwarai. Tana sauƙaƙa wa direba gajiyar gargada, tana kare akwatin sitiyari da kawunan tayarod daga duka, musamman idan an sa manyan tayoyi, domin babbar taya mai fitowa waje ta fi ƙaramar ƙarfin fizga.

Wajen zaɓe, abu na farko tsawo ne. A murɗe sitiyari har ƙarshe hagu a auna tsakanin maɗaurai biyu, a murɗe har ƙarshe dama a sake aunawa. Dole wadda za a saya ta iya miƙewa fiye da doguwar tazarar, ta kuma tsuke fiye da gajerar. In ba haka ba, ita za ta zama birkin sitiyari, motar ta kasa karya kwana sosai ta gefe ɗaya, kuma ba da daɗewa ba maɗaurin ya tsage. Idan za a ɗaura ta, tayoyi su kalli gaba sak, fistin yana tsakiyar tafiyarsa.

Na biyu, kada a yarda a ɗaura shakazobar taya a wurin ta sitiyari, ko da tsawonsu ya zo ɗaya. Ta taya an yi ta ne ta fi tauri wajen miƙewa fiye da wajen tsukewa, kuma da yawa daga cikinsu ba sa aiki daidai idan aka kwantar da su. Ta sitiyari kuwa taurinta ɗaya ne ta kowane gefe. Ana gane wannan da hannu tun a shago, ko a Ƙofar Ruwa ko a wani wuri: a riƙe ta a kwance, a ja, a tura. Taurin ya zama ɗaya, kuma babu inda za ta zame fayau kafin ta kama. Wannan gwaji shi ne kuma ke nuna ko tsohuwar da ke jikin mota ta mutu da gaske, tare da duba ko tana yoyon mai ko sandarta ta lanƙwashe. Akwai irin da ake cika wa iskar gas mai matsi, wadda idan aka sake ta takan miƙe da kanta. Tana jure zafi, amma tun da kullum turi take yi ta gefe ɗaya, tana iya sa mota ta riƙa ja gefe. A ra'ayinmu, motar aiki da ke yawo a ƙauye ta fi dacewa da mai mai zalla, wadda ke zama inda aka bar ta.

Akwai kuma zancen bututu. Wata bango ɗaya gare ta, fistin yana gugar bangon waje kai tsaye. Wata bango biyu. Mai bango ɗaya ta fi saurin huce zafi, amma idan dutse ko kututturen da aka sare a gefen gona ya loɓa ta, fistin zai cije, sitiyari ya ƙage a hannun direba. Mai bango biyu tana iya shan ɗan duka ta ci gaba da aiki. Saboda haka a dubi inda za ta zauna: idan a ƙasa take, gaban aksul, inda komai zai fara samunta, mai bango biyu ta fi aminci, ko kuwa a yi mata garkuwa. Robar da ke rufe sandar ma a tabbata tana nan, domin ƙurar hunturu da yashi su ke cinye abin da ke tare man.

Game da jera biyu kuwa, an yi wannan ne domin motocin wasa masu tayoyin da suka kusa kai ƙugun mutum. A motar ofis ko ta kasuwa ba abin da yake ƙarawa sai wahalar da famfon sitiyari, in tana da shi, ko kafaɗun direba in ba ta da shi, ga kuma jinkirta komowar sitiyari bayan kwana.

Ga wanda fayil zai zo gabansa, shawararmu ita ce ya nemi a rubuta masa a takarda abin da aka duba da abin da aka samu kafin a rubuta abin da za a saya, kuma a kawo tsohon kayan da aka cire a ajiye a sito. Idan takardar ta ce shakazobar sitiyari kaɗai za a canja saboda mota tana rawa, a mayar da ita. Ya kuma saurari direba da kansa, ba ta bakin wani ba, ya tambaye shi a wane gudu rawar ke farawa, da lodi ko babu lodi, bayan an yi wa motar wane aiki. Direban da ya shekara goma yana bin hanyar Tsanyawa zuwa Kunchi ya san motarsa fiye da duk wanda ke ofis, sai dai ba a cika tambayarsa ba.

Wanda kuma zai riƙe sitiyari da kansa a waɗannan hanyoyi, ya ajiye manyan yatsunsa a kan da'irar sitiyarin, kada ya cusa su ciki, domin fizga ɗaya tana iya targaɗa yatsa. Idan rawar ta kama shi a kan gudu, kada ya danne birki da ƙarfi, kada kuma ya ƙara wuta da nufin ya wuce ta. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗage ƙafa daga totur, ya bar motar ta rage gudu, ya gangara gefe ya tsaya, sannan ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya ci gaba.

Shugaban taro, mun ga lokacin da aka ba mu ya cika. Motar da muka roƙa aka kawo tana nan a bakin zaure, da jak da tabarma. Wanda yake son ya ga gaɓoɓin da muka ambata da idonsa, sai ya biyo mu bayan an tashi.